Babi na Tara: Hausa a Fagen Fasaha: Manhajar Tayarwa a Allunan Lantarki Masu Sadarwa ta Iska

9.0 Gabatarwa

Daga cikin nauyin da ya rataya a wuyan malamin Hausa akwai nuna wa ɗalibansa cewa harshen yana iya ɗaukar bayanin kowane fanni na ilimi, muddin mai bayanin ya fahimci abin da yake magana a kai. Sau da yawa akan ba ɗalibi nassin kimiyya ya fassara, sai ya bi kalmomin Ingilishi ɗaya bayan ɗaya, ya fito da Hausar da shi kansa ba zai gane ta ba in aka karanta masa ita washegari. Tushen wannan matsala shi ne rashin sanin abin da nassin ya ƙunsa. Saboda haka wannan babi ya ɗauki batu guda daga fannin lantarki, ya yi bayaninsa tun daga tushe, sannan ya waiwayi kalmomin da aka yi aiki da su domin a ga yadda aka same su.

Batun da aka zaɓa shi ne wata 'yar ƙaramar manhaja da ke fara aiki da zarar an ba na'ura wuta, wadda Turawa ke kira bootloader. A nan an kira ta manhajar tayarwa. Duk da ƙanƙantarta, kuskure ɗaya wajen harhaɗa ta ko ɗura ta yana iya sa na'urar da aka kashe wa kuɗi ta ƙi tashi, wani lokaci ma har abada.

9.1 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ma'anar ƙwayar sarrafawa da manhajar ciki da manhajar tayarwa;
ii. jero matakan da ƙwayar ESP32 ke bi daga kunnawa zuwa fara aiki;
iii. bayyana yadda ake harhaɗa manhajar tayarwa da yadda ake ɗura ta;
iv. tantance kuskuren da ke gyaruwa daga wanda ba ya gyaruwa;
v. fito da hanyoyin da aka bi wajen samar da kalmomin wannan fanni.

9.2 Ƙwaya da Allo da Ma'adana

Ƙwayar sarrafawa cikakkiyar kwamfuta ce da aka dunƙule a cikin ɗan baƙin ƙulli wanda galibi bai wuce faɗin farce ba. Masu gyaran rediyo da waya suna kiran ire-irenta aisi. A cikinta akwai sashen lissafi, da ma'adanar bayanai, da ƙafafu waɗanda ake jona wa fitila ko makunni ko ma'aunin zafi. Ana samun ta a mitar wuta ta kati, da rimot ɗin talabijin, da na'urar biyan kuɗi ta POS, da injin motar zamani. Ƙwayar TMS1000 wadda kamfanin Texas Instruments na Amurka ya fitar a 1974 tana daga cikin na farko da aka sayar da yawa.

Ƙwaya ita kaɗai ba ta da sauƙin sarrafawa, don haka akan liƙa ta a kan ɗan allo tare da mashigar kebul ta USB, da madaidaicin wuta, da maɓallai. Idan allon yana da rediyo da eriya, wato yana iya aikawa da karɓar saƙo ta Wi-Fi ko Bluetooth, shi ne ake kira allo mai sadarwa ta iska. Misalin da za a bi a wannan babi shi ne ESP32, wadda kamfanin Espressif na birnin Shanghai a ƙasar Sin ya fitar a 2016, bayan ESP8266 ta 2014. Tana aiki da wuta mai ƙarfin bolt 3.3, kuma sashen lissafinta yana kaiwa gudun megahaz 240.

Ana auna bayanai da bit, wato sifili ko ɗaya. Bit 8 su ne bayit ɗaya, bayit 1,024 kuma su ne kilobayit ɗaya. Ma'adanar da ke riƙe waɗannan bayanai iri uku ce:

(a) Ma'adana tabbatacciya, wato ROM. Tun a masana'anta aka zana abin da ke cikinta, ba ya gogewa kuma ba ya sauyuwa. ESP32 tana da kilobayit 448 na irinta.

(b) Ma'adanar wucin gadi, wato RAM. A nan ƙwaya ke ajiye abin da take aiki a kai, kuma da an ɗauke wuta komai ya tafi. ESP32 tana da kilobayit 520.

(c) Ma'adanar filash. Tana riƙe bayanai ko babu wuta, amma ana iya share ta a sake rubutawa. Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba a Japan ne ya gabatar da ita a 1984. Tana da wata ƙa'ida: sharewa tana mayar da kowane bit ya zama ɗaya, rubutu kuma yana mayar da ɗaya ya zama sifili kawai. Don haka dole a share wuri kafin a rubuta sabon abu a cikinsa, kuma a allunan ESP32 ana sharewa ne yanki-yanki, kowane yanki bayit 4,096. Yawancin allunan ESP32 na gama-gari suna da megabayit 4 na filash.

Manhajar da ake ajiyewa a filash domin ta tafiyar da na'urar ita ce manhajar ciki. Ta bambanta da manhajojin da mai waya ke saukewa yana gogewa yadda ya ga dama, domin ita tana ɗaure da na'urar, kuma in babu ita na'urar ba ta da amfani.

9.3 Ma'ana da Asalin Manhajar Tayarwa

Kwamfutar da aka kunna yanzu ba ta san komai ba, domin ma'adanarta ta wucin gadi fanko ce. Kafin ta yi aiki sai an shigar mata da manhaja, shigar da manhaja kuwa shi ma aiki ne da ke buƙatar manhaja. Hausawa sun ce da ruwan ciki ake jan na rijiya. Manhajar tayarwa ita ce wannan ruwan cikin: ɗan taƙaitaccen umarni ne da ke nan tun farko, wanda aikinsa shi ne jawo babbar manhaja.

A zamanin da, da hannu ake shigar da ita. Kwamfutar PDP-8 ta 1965 da Altair 8800 ta 1975 suna da jerin makunnai a gabansu, kuma mai aiki yakan ɗaga wasu ya sauke wasu domin shigar da umarni ɗaya bayan ɗaya kafin na'urar ta iya karanta tef ɗin takarda. A 1975 Paul Allen, wanda suka kafa Microsoft tare da Bill Gates, yana cikin jirgin sama zuwa birnin Albuquerque domin gwada manhajarsu a kan Altair sai ya tuna ba su rubuta manhajar tayarwa ba, ya rubuta ta a takarda kafin jirgin ya sauka. Sunan da Turawa suka ba ta ya samo asali ne daga wani tsohon zancensu game da mutumin da ke ƙoƙarin ɗaga kansa sama ta hanyar jan maɗaurin takalminsa.

Ana iya kwatanta ta da sitatar mota, wadda ke juya babban inji har ya kama, sannan ta janye. Ayyukanta guda huɗu ne: shirya agogon ƙwaya da ma'adana, duba ko akwai mai son ɗura sabuwar manhaja, tantance lafiyar manhajar da ke filash, miƙa mata ragamar aiki.

9.4 Matakan Tashin ESP32

Kowane bayit a filash yana da adireshi, kuma akan rubuta adireshin da lissafin goma sha shida-shida, wanda ake sa wa alamar 0x a farko. ESP32 tana tashi a matakai uku.

Mataki na farko yana cikin ma'adana tabbatacciya. Da an ba ƙwaya wuta, wannan manhaja takan duba halin da wata ƙafa mai suna GPIO0 take ciki. Idan an haɗa ƙafar da layin ƙasa, wato GND, sai ƙwayar ta tsaya tana jiran a ɗura mata manhaja ta kebul. Idan ba a haɗa ba, sai ta tafi adireshi 0x1000, wato bayit na 4,096, ta nemi mataki na biyu. Alamar da take ganewa da ita cewa ta sami manhaja ita ce bayit na farko ya kasance 0xE9.

Mataki na biyu shi ne manhajar tayarwar da ke filash, kuma ita ce ake harhaɗawa ake ɗurawa. Takan karanta jadawalin rabo da ke adireshi 0x8000, wato bayit na 32,768. Wannan jadawali shi ke nuna yadda aka kasa filash: ina aka ajiye saituna, ina babbar manhaja ta fara, ina ta ƙare. Daga nan takan tantance babbar manhajar ta hanyar lissafa bayanan da ke cikinta da kwatanta sakamakon da lambar tantancewa da aka liƙa a ƙarshenta.

Mataki na uku shi ne babbar manhaja, wadda a tsarin da aka saba take farawa daga adireshi 0x10000, wato bayit na 65,536. Ita ce ke kunna rediyo, ta karanta ma'auni, ta aika saƙo.

Daga waɗannan lambobi za a ga cewa filin da ke tsakanin 0x1000 da 0x8000 bayit 28,672 ne, wato kilobayit 28. Idan manhajar tayarwa ta fi haka girma za ta shiga gonar jadawalin rabo, sai dai a matsar da jadawalin gaba. Haka kuma ya kamata a lura cewa ƙannen wannan ƙwaya, irin su ESP32-C3 da ESP32-S3, suna neman mataki na biyu ne a adireshi 0x0. Manhajar da aka ɗura a adireshin da ba nata ba daidai take da wasiƙar da aka kai gidan da ba a san mai ita ba.

9.5 Harhaɗa Manhajar Tayarwa

Ɗan'adam yana rubuta manhaja ne da harshen da yake iya karantawa, a nan harshen C, ita kuwa ƙwaya ba ta jin komai sai sifili da ɗaya. Aikin juya rubutun tushe zuwa abin da ƙwaya ke ji shi ne harhaɗawa, manhajar da ke yin sa kuma ita ce maharhaɗi. Da yake sashen lissafin ESP32 ya bambanta da na kwamfutar tebur, ana buƙatar maharhaɗi na musamman, wanda ke aiki a kan kwamfuta amma yana samar da abin da ƙwaya za ta karanta. Kamfanin Espressif yana bayar da shi kyauta a cikin tarin kayan aiki mai suna ESP-IDF, tare da rubutun tushen manhajar tayarwa. Matakan su ne:

1. A girka ESP-IDF a kwamfuta, a buɗe jakar aikin da za a yi.

2. A faɗa wa maharhaɗi irin ƙwayar da ake nufi da umarnin idf.py set-target esp32. Tsallake wannan mataki ga mai riƙe da wata ƙwaya dabam yana haifar da fayil ɗin da ba zai yi aiki ba.

3. A buɗe shafin saituna da umarnin idf.py menuconfig. A nan ake zaɓar girman filash, da gudun karanta shi, megahaz 40 ko 80, da yawan bayanin da manhajar za ta riƙa fitarwa lokacin tashi. Yawan bayani yana taimaka wa mai neman matsala, amma yana ƙara wa manhajar girma.

4. A harhaɗa da umarnin idf.py bootloader. Sakamakon shi ne fayil mai suna bootloader.bin. Umarnin idf.py build kuwa yana harhaɗa abubuwa uku gaba ɗaya: manhajar tayarwa, da jadawalin rabo, da babbar manhaja.

5. A duba girman fayil ɗin a tabbatar bai wuce filin da aka tanadar masa ba.

Muhimmin abu shi ne saitunan su dace da allon da ke hannu. Wanda ya ce filash megabayit 8 ne alhali 4 ne, yana iya samun jadawalin da ke nuni zuwa wuraren da babu su.

9.6 Ɗura Manhajar a Allo

Bayan harhaɗawa sai ɗurawa. Yawancin alluna suna da wata ƙaramar ƙwaya ta biyu, kamar CP2102 ko CH340, wadda ke tafinta tsakanin kebul na USB da ƙafafun sadarwar ESP32. Idan aka jona allon, kwamfuta takan ba shi suna, kamar COM3 a Windows ko /dev/ttyUSB0 a Linux.

Kafin ɗurawa dole ƙwaya ta shiga halin jira. Alluna da yawa suna yin haka da kansu idan kwamfuta ta ba su ishara. Inda hakan bai samu ba, sai a danne maɓallin BOOT, wanda ke haɗa GPIO0 da layin ƙasa, a taɓa maɓallin EN a saki, sannan a saki BOOT. Daga nan sai a ba da umarnin idf.py -p COM3 bootloader-flash domin ɗura manhajar tayarwa ita kaɗai, ko idf.py -p COM3 flash domin ɗura ukun duka.

A ƙarƙashin waɗannan umarnai wata manhaja ce mai suna esptool take aiki. Takan fara gaisawa da matakin farko da ke ma'adana tabbatacciya, ta share yankunan da za a rubuta, ta aika bayanai kashi-kashi, sannan ta lissafa abin da ya shiga ta kwatanta da abin da aka aika. Idan sun dace sai ta sake tayar da ƙwayar. Umarnin idf.py monitor yana nuna rubutun da ƙwayar ke fitarwa lokacin tashi, a gudun bit 115,200 a daƙiƙa, kuma daga wannan rubutu ake gane ko mataki na biyu ya sami jadawalin rabo da babbar manhaja.

Fa'idar wannan tsari ita ce matakin farko ba ya gogewa. Ko da wuta ta ɗauke ana tsakiyar ɗurawa, abin da ya lalace yana filash ne, kuma ana iya komawa a sake. Na'urar da ta shiga wannan hali suma ta yi, ba mutuwa ba.

9.7 Kwatanci da ATmega328P

Ba kowace ƙwaya ce ke da irin wannan kariya ba. Allon Arduino, wanda aka faro a garin Ivrea na Italiya a 2005, ya fara ne da amfani da ƙwayoyin kamfanin Atmel, wanda Microchip ya saya a 2016. Samfurin Uno na 2010 yana ɗauke da ATmega328P, wadda ba ta da rediyo, amma akan jona mata ɗan allon rediyo kamar nRF24L01 domin ta yi sadarwa ta iska. Filash ɗinta kilobayit 32 ne, kuma manhajar tayarwarta mai suna Optiboot tana zaune a ƙarshensa, ta ci bayit 512 kacal, ta bar wa babbar manhaja bayit 32,256. Bayan an sake tayar da allon takan jira kimanin daƙiƙa ɗaya ko kwamfuta za ta yi magana, in ba ta ji komai ba ta wuce.

Sabuwar ATmega328P daga masana'anta ba ta zuwa da manhajar tayarwa, don haka ba ta jin kebul na USB. Sai an nemi na'urar ɗura ta dabam, wadda ake jonawa da layuka shida: MISO da MOSI da SCK da RESET da VCC da GND. Wani allon Uno mai lafiya yana iya yin wannan aiki. A lokacin ɗurawar ne kuma ake saita wasu bit na musamman da ake kira fis, waɗanda ke faɗa wa ƙwaya inda za ta fara karatu da kuma agogon da za ta bi. Idan aka saita ta ta bi agogon waje mai megahaz 16 alhali ba a liƙa shi a allon ba, ƙwayar za ta yi shiru, har na'urar ɗurar ma ba za ta amsa wa ba sai an samar mata da agogon.

9.8 Sabuntawa ta Iska da Tsaro

Allon da aka kafa a saman tankin ruwa ko a tsakiyar gona ba shi da sauƙin kaiwa da kebul. Saboda haka akan aika masa sabuwar manhaja ta Wi-Fi. Haɗarin da ke nan shi ne sadarwa ta yanke ana tsakiyar aikin. Maganin da aka yi wa wannan shi ne a ware gurabe biyu a jadawalin rabo, ota_0 da ota_1. Manhajar da ke aiki tana ɗaya, sabuwar tana sauka a ɗayan, kuma sai ta sauka duka an tantance ta sannan a rubuta a wani ɗan gurbi mai suna otadata cewa ita za a tayar nan gaba. Manhajar tayarwa ce ke karanta wannan rubutu. Idan an kunna tsarin komawa baya, wajibi ne sabuwar manhaja ta shaida cewa tana lafiya bayan ta tashi, in kuwa ba ta yi ba, a tashi na gaba sai a koma wa tsohuwar. Ita manhajar tayarwa ba a cika sabunta ta ta iska ba, domin a tsarin da aka saba kwafi ɗaya ne, kuma in ya lalace sai an je da kebul.

Ƙofar da mai na'ura ke bi ya aika manhaja, ɓarawo ma yana iya bi. Don haka aka samar da amintaccen tashi, inda mai na'ura ke buga wa manhajarsa hatimin lissafi da mabuɗin sirri, ƙwaya kuma ta ƙi tayar da duk abin da ba shi da wannan hatimi. Ana ajiye shaidar mabuɗin ne a wasu bit da ake kira eFuse, waɗanda in aka ƙona su ba sa komawa yadda suke. A nan ne kuskure ke zama na dindindin. Wanda ya kunna wannan tsari sannan ya ɓatar da mabuɗinsa na sirri ba zai sake iya sabunta na'urar ba, kuma kamfanin da ya ƙera ta ma ba zai iya buɗe masa ita ba.

9.9 Matsalolin da Aka Fi Cin Karo da Su

(a) Kwamfuta ba ta ga allo ba. Galibi kebul ɗin na caji ne kawai, ba shi da layukan bayanai, ko kuma ba a girka direban CP2102 ko CH340 ba.

(b) An ga allo amma ya ƙi karɓar ɗuri. Ƙwayar ba ta shiga halin jira ba, sai a bi hanyar maɓallan BOOT da EN.

(c) Allo yana ta sake tashi. Ko dai adireshi ko saitunan filash ba daidai ba ne, ko kuma wuta ta yi ƙaranci, domin rediyo yana jan wuta da yawa lokacin aika saƙo. Kamfanin ya ba da shawarar majonar da ba ta gaza miliamfiya 500 ba.

(d) Allo ya ƙi tashi bayan an jona masa wani abu a ƙafar GPIO12. Idan wannan ƙafa tana da wuta lokacin tashi, ƙwayar takan ba filash bolt 1.8 maimakon 3.3.

(e) Ƙwaya ta ƙone. Ƙafafun ESP32 na bolt 3.3 ne, kuma ba su bolt 5 kai tsaye yana iya lalata su.

9.10 Nazarin Kalmomi

An bi hanyoyi huɗu wajen samar da kalmomin wannan babi. Ta farko ita ce aro tare da hausantarwa, kamar kwamfuta da bayit da filash da kebul da sitata. Ta biyu ita ce faɗaɗa ma'ana, inda tsohuwar kalma ke ɗaukar sabon nauyi. Allo na makaranta ya zama allon lantarki, ƙafa ta zama silin ƙarfen da ke jikin ƙwaya, ɗura da ake yi wa tulu ta zama shigar da manhaja. Ita kanta manhaja, wadda aka aro daga Larabci, tsarin karatu take nufi kafin ta sami ma'anarta ta kwamfuta. Ta uku ita ce ƙira da ɗafa-goshin ma-, kamar ma'adana daga adana, da makunni daga kunna, da maharhaɗi daga harhaɗa. Ta huɗu ita ce bayani, kamar manhajar tayarwa da jadawalin rabo da sabuntawa ta iska.

Akwai kalmomin da aka guje wa saboda harshen damo. Ba a ce allo marar waya ba, domin waya tana nufin zaren ƙarfe kuma tana nufin tarho. Ba a ce filashin ba, ko da yake ita masu gyaran waya ke amfani da ita, domin a bakin jama'a tana kuma nufin a kira mutum a katse. Ba a ce matashiya ba, domin kalmar ta riga ta zauna da ma'anar tunatarwa da kuma ta budurwa. Sunayen kamfanoni da umarnan kwamfuta kuwa an bar su yadda suke, domin sauya harafi ɗaya a cikin umarni yana hana shi aiki.

9.11 Dabarun Koyarwa

Malamin da ba shi da allon ESP32 yana iya koyar da wannan darasi da alli kawai. Ya zana dogon akwati a allon aji a matsayin filash, ya yanka shi, ya rubuta adireshi uku: 4,096 da 32,768 da 65,536. Sannan ya fito da ɗalibai uku, na farko ya zama ma'adana tabbatacciya, na biyu manhajar tayarwa, na uku babbar manhaja. Na farko ba ya zuwa ko'ina sai adireshi 4,096, na biyu kuma ba ya kiran na uku sai ya karanta jadawali. Daga baya malami ya tsayar da na biyu a wani adireshi dabam, ya bar aji su faɗi abin da zai faru. Bayan an fahimci aikin ne za a shiga muhawarar kalmomi, a ba ɗalibai dama su kawo nasu, a auna kowace da ma'auni uku: dacewa da ma'ana, sauƙin furuci, da kuɓuta daga harshen damo.

9.12 Kammalawa

A wannan babi an ga cewa manhajar tayarwa ita ce ke shirya ƙwaya, ta tantance babbar manhaja, ta miƙa mata aiki. An bi matakan harhaɗa ta da ɗura ta a ESP32, an kwatanta da ATmega328P, an kuma bambance kuskuren da ke gyaruwa da kebul da wanda ke rufe na'ura har abada. Daga ƙarshe an nuna hanyoyi huɗu da aka bi wajen samar da kalmomi. Abin da ake so malami ya riƙe shi ne ya fara fahimtar yadda abu ke aiki kafin ya raɗa masa suna.

Auna Fahimta

1. Bambance tsakanin ma'adana tabbatacciya da ta wucin gadi da ta filash.
2. Yi bayanin yadda karin maganar da aka kawo a 9.3 ta dace da aikin manhajar tayarwa.
3. Me ya sa ɗaukewar wuta lokacin ɗurawa ba ta kashe ESP32?
4. Manhajar tayarwa ta kai bayit 30,000. Wace matsala za ta haifar, kuma ta waɗanne hanyoyi biyu za a magance ta?
5. Kawo kalmomi biyar na sana'ar gyaran waya ko lantarki da aka samar ta hanyar faɗaɗa ma'ana.

Jinga

Ziyarci mai gyaran waya ko rediyo a garinku, ka tattaro kalmomi ashirin da yake amfani da su a bakin aikinsa. Ka kasa su bisa hanyoyi huɗu da aka kawo a 9.10, sannan ka rubuta bayanin shafi ɗaya a kan yadda yake sake ɗura wa waya manhaja, da Hausar da ɗalibin ƙaramar sakandare zai fahimta.